Yadda Na Ɓoye wa Hukuma Farantin Solar Mma Awawu

Jiya Laraba, wajen ƙarfe takwas na safe, duk wanda ya bi ta layinmu a unguwar Barking ta London ya ɗaga kai, ya ga wani dattijo a barandar hawa na biyu, hula a kai, silifas a ƙafa, ya cije maƙalan shanya uku a baki, yana shanya bargo ana tsaka da yayyafi. To ni ne. Ni Maharazu, shekara hamsin da takwas, digiri biyu, mutumin da duk benen nan ke kawo wa wasiƙun hukuma ya karanta ya ce ga abin da ake nufi. Wata Baturiya mai jan kare ta tsaya a ƙasa ta sanar da ni cewa ruwa fa ake yi. Na zare maƙalan daga baki na ce na gode, ni ma na lura. Ta ƙara kallona, karen ma ya kalle ni, sannan suka wuce.

Barandar ba tawa ba ce, bargon ma ba nawa ba ne. Na maƙwabciyata ne, Mma Awawu, wadda ke zaune daidai ƙasan flat ɗina. Kuma ba shanya nake yi ba, ɓoyo nake. A ƙarƙashin bargon akwai farantin sola.

Ga wanda bai san irinsa ba, ba wanda ake hawa rufi da tsani a kafa nake nufi ba. Wannan ɗan madaidaici ne, bai fi ƙofar kwaba ba. Ka rataya shi jikin ƙarfen baranda, ka jawo wayarsa cikin ɗaki, ka soka fulogi a soket yadda kake soka na butar shayi, shi ke nan. In rana ta fito sai mitarka ta rage gudu. Abu mai sauƙi haka, kun san ba za a bar shi ya wuce salin alin ba.

Shekara uku ke nan manya suna rubuta masa doka. Ban ce sun yi doka ba, na ce suna rubutawa. Kuma ni ba na cikin marasa godiyar da ke cewa ba sa aiki. Allah ya ja zamanin Sarkin Soket, ya kafa kwamiti. Kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti a ƙarƙashin Galadiman Fulogi. Ƙaramin kwamitin ya ga aiki ya yi masa yawa, ya ɗauko ƙwararru. Ƙwararrun suka hau jirgi suka tsallaka ruwa, suka kwana biyar a otal suna ɗaga kai suna kallon barandun mutane. Suka dawo da rahoto cewa lallai akwai barandu, akwai farantai a jikinsu, ba su kuma ga wanda ke ci da wuta ba, amma ana buƙatar ƙarin bincike. Wa zai ce wannan ba aiki ba ne? Ni da na yi awa ɗaya kaina a ɗage, wuyana ƙagewa yake yi.

Daftarin da suka fitar na riƙe shi da hannuna, shafi casa'in da shida. A ciki an yi bayanin girman farantin da za a yarda da shi, da irin ƙusar da za ta riƙe shi, da launin tambarin da za a manna masa, da wanda ke da ikon manna tambarin, da wanda zai duba mai mannawar. Akwai sashe guda a kan ko ranar da ta sauka a barandar ɗan haya tasa ce ko ta mai gida. Wannan sashen an bar shi a buɗe, ana jiran ra'ayin lauyoyi. Duk wannan fa a kan ranar London ake yi, wadda ke leƙowa ƙarfe goma, ta ga ba ta san kowa ba, ta koma inda ta fito.

To amma ɗan abin da take bayarwa, shi ke riƙe da Mma Awawu.

Mma 'yar zangon Kumasi ce, shekararta saba'in da biyu, mijinta ya rasu tun kafin in tare a benen nan. Shekara ashirin da shida ta yi tana goge ofisoshi a Marylebone, har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Ba ta tsoron kare, ba ta tsoron 'yan iskan unguwa, na taɓa ganin ta kori uku daga matakala da sandar mofa. Abu ɗaya take tsoro a duniya, mita. In ta kunna hita ta ga lambobi sun fara gudu, sai ta kashe ta zauna cikin sanyin ta haɗe hannuwa. Sanyin shekarar da ta gabaci bara haka ta yi ta yi har ya kama mata haƙarƙari, ta kwana tara a asibiti. Matata Zinatu ce ta same ta, leɓɓanta sun canza launi.

Bayan an sallamo ta, 'yarta Sadiatu da ke aure a Hamburg ta tuƙo mota tun daga can, farantin nan kwance a kujerar baya. Ta ɗaura shi, ta saya mata bargon lantarki da 'yar hita ƙarama, ta nuna mata wata 'yar fitila a jikin akwatin farantin. Ta ce in fitilar ta yi kore, ki kunna abinki, ba ruwanki da mita. Ni da na yi karatu na san ba haka lissafin yake ba, a watan sanyi abin da farantin ke kawowa bai taka kara ya karya ba. Amma na ja bakina na yi shiru, domin tun daga ranar Mma take kunna bargonta.

"Wannan wuta na Allah ne," ta ce da ni, da Hausarta ta zango, tana nuna fitilar da sandarta. "Ba na kamfani ba. Shi ba ya aiko takarda."

Sanyin bara ko tari ba ta yi ba. Mutane suka gani suka yi sha'awa, kafin bazara ta ƙare barandu bakwai a benenmu sun samu farantai, har da tawa.

Sai ranar Litinin wasiƙa ta iso kowace ƙofa daga kamfanin da ke da benen, wanda ba zan ambaci sunansa ba don ina son rufin da ke kaina. Shafi goma sha huɗu. Kafin azahar mutum huɗu sun hawo da tasu. Na saka tabarau na karanta shafin farko. Na ga an ce saboda dokar da ke tafe, za a zo ranar Laraba da safe a ƙidaya duk wani abin lantarki da aka liƙa a baranda ba da izini ba. Na ga kalmar ƙidaya, na ga kalmar izini, na ninke takardar. Jinin Kano da ke jikina ya ƙarasa karanta sauran shafi goma sha ukun.

Ku yi mini adalci, masu karatu. Kakana shanunsa yake korawa cikin rafi in ya ji masu jangali sun kwana a garin gaba. Mahaifina yana da rediyo da keke da hukuma ba ta taɓa sanin yana da su ba har ya koma ga Allah. Ni kuwa na tashi a layin da in aka hango motar masu yankan wuta da tsani a sama, kafin ta yi kwana kowa ya sauke wayarsa, tsofaffi sun fito ƙofar gida suna fifita kamar wata uku ba su ga wuta ba. A wurinmu in mutum ya zo da takarda da biro yana tambayar me kake da shi, amsa ɗaya ce, kuma tun a goye ake koyon ta. Shekara ashirin da biyu na yi a ƙasar nan, na koyi bin layi, na koyi ba wa wanda ya taka ni haƙuri, amma wannan karatun bai goge ba.

Na bi ƙofa ƙofa na ba da umarni. Kowa ya zare fulogi, ya tura wayar bayan buhun shinkafa, ya lulluɓe faranti da abin da ya samu, bargo, zanin gado, darduma, kamar shanya. In an tambaya a ce babu.

Zinatu tana yanka albasa ta ce, "Malam, ka karanta takardar nan har ƙarshe kuwa?"

Na ce, "Takardar hukuma ai daga gaisuwarta ake gane inda ta dosa."

Ta ce, "Ni dai na ga akwai wani shafi mai koren akwati."

Na ce ado ne. Ta ci gaba da yanka albasarta.

Mutum ɗaya ban samu ba, Nata'ala direban bas da ke hawa na uku. Aikin asuba yake yi, wayarsa kuma kullum a kashe. Na ga farantinsa tsirara yana kallon titi, na girgiza kai na ce Allah ya rufa masa asiri.

Wajen Mma ne na sha wahala. Da na shiga jiya da safe na tarar ta ci kwalliya, ta yi ɗaurin sallah, ta dafa shinkafa da wake irin tasu da ganyen da ke rina ta ja. Farantin kuwa ta sa tsumma a sandar mofa ta goge shi yana walƙiya.

Na ce, "Mma, wannan shirin fa na mene ne?"

Ta ce, "Ba ka ce gwamnati zai zo duba shi ba? In ya zo ya gan shi da datti fa? Zan nuna mishi fitila, in gaya mishi bara ban je asibiti ba."

Na ce, "Mma, in kika nuna masa, yau ɗin nan zai tafi da shi."

Ta dube ni. Ta ce, "Ɗana, ni na je Makka sau biyu. Tun da na shigo ƙasar nan ban taɓa yi ma gwamnati ƙarya ba. Ko sabulu na ofis ban taɓa ɗauka ba."

Na ce ba ƙarya ba ce, dabara ce. Na kawo mata tarihin kakana da shanunsa. Na tuna mata kwana taran asibiti, abin da bai kamata in yi ba, amma na yi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To. Kai ka yi karatu." Ta shiga ɗaki ta fito da bargonta mai nauyi na auren Sadiatu, ta miƙo mini. A nan Baturiya da karenta suka gan ni.

Ƙarfe tara da rabi Mai Girma Wakilin Jin Ra'ayin 'Yan Haya ya ƙwanƙwasa. Mutum ne mai fara'a, igiya a wuya da katin aiki, allon latsawa a hannu, takalminsa ya jiƙe. Ya goge ƙafa sau uku kafin ya shigo. Ya ce tun da yake aikin nan bai taɓa ganin benen da mutanensa ke son iska ta ratsa bargunansu kamar wannan ba, ga shi har a cikin ruwa. Na ce al'adarmu ce. Ya ce abin sha'awa ne, har ya latsa wani abu a allonsa, ina jin ya rubuta al'adar ce.

Ya juya ga Mma ya tambaye ta ko tana da wani abin samar da wuta a barandarta. Na yi caraf na fassara mata, alhali matar nan ta fi ni jin Turancin London. Ta dube ni, ta dubi labulen baranda, ta ce, "Babu."

Ya ce, "Kin tabbata, madam? Ba laifi ba ne fa. In akwai, gara a rubuta."

Na ce a raina, kun ji shi, haka duk suke cewa. Na ƙyafta wa Mma ido. Ta ce, "Babu," wannan karon a hankali, kamar mai haɗiyar magani. Ya sa ta dangwala yatsa a allon. Ya ba ta wata 'yar takarda mai hoton tsohuwa tana murmushi da kofin shayi, mai bayanin yadda ake zama da ɗumi a lokacin sanyi. Ta ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce dokar aiki ta hana. Ya fita. Na bi shi da kallo ta taga yana shiga mota, ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe.

Ƙarfe biyu aka tara mu a ɗakin taro na unguwa. An jera biredi yanka uku uku a faranti, da ruwan lemo, da ƙananan biro masu sunan shirin a jiki. An buga littafi mai sheƙi, hoton rana tana dariya a bango. Babban baƙo shi ne Ranka Ya Daɗe Mataimakin Daraktan Makomar Makamashi, wanda ya taso takanas daga tsakiyar gari, ya kuma sanar da mu cewa jirgin ƙasa ya hawo don ya rage hayaƙi. Muka tafa masa.

Ya yi minti arba'in yana gode wa kwamitoci da sunayensu. Sannan ya ce, kamar yadda kowa ya gani a shafi na goma sha ɗaya, a cikin koren akwati, kamfani ya yanke shawarar yin gwaji kafin doka ta fito. Duk wanda aka tarar da faranti a ƙidayar safiyar yau, za a turo ma'aikacin lantarki ya duba masa kyauta, a manna masa tambari, ya ci gaba da amfani da abinsa. Duk farantin da ba ya cikin ƙidayar kuwa, a sauke shi kafin ranar Juma'a, a jira doka. Wanda aka samu da shi bayan nan ya karya yarjejeniyar haya.

Zinatu tana gefena. Ko juyowa ba ta yi ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai aka haska wani zane a bango. A benenmu mai flat ashirin da huɗu, in ji zanen, mutum ɗaya ne kacal ke da faranti. Ranka Ya Daɗe ya yi fuskar tausayi ya ce wannan ya nuna al'ummarmu ba ta waye da amfanin hasken rana ba, don haka za a ware kuɗi a ɗauko ƙwararru su zo su wayar mana da kai. Mu! Mu da muka yi jarrabawa da fitilar sola, muka yi cajin waya a shagon mai sola, muka san ƙarar kowane irin janareta daga nesa kamar muryar 'yan uwanmu. Za a zo da littafi mai sheƙi a gabatar mana da rana.

Nata'ala ya shigo a makare da rigar aiki, yana cin biredin taro. Ya ce, "Malam Maharazu, wai me ya faru? Na dawo na tarar da koren kati a ƙofata, an ce an yi approving ɗina. Ni ban ma yi applying ba."

Na ce, "Allah ya sanya alheri."

Ya ce, "Naka fa? Na ga duk bene an yi wanki yau."

Na tashi na nufi teburin bayan ɗaki inda wata jami'a ke zaune da kwamfuta, sai in kira ta Uwar Soron Fom. Na cire hula, abin da ban taɓa yi wa mahaluƙi ba a ƙasar nan. Na ce an samu kuskure a flat na goma sha ɗaya, tsohuwa ce, akwai faranti, ni na sa ta ce babu.

Ta ce ta ji tausayi ƙwarai da gaske. A ƙasar nan ba a hana ka abu sai an ji tausayinka ƙwarai da gaske. Ta ce amma ƙidayar ta rufe ƙarfe goma sha biyu.

Na ce, "Farantin yana nan, tafiyar minti huɗu ce. Ki zo ki gani da idonki."

Ta ce ta yarda yana nan, amma a cikin kwamfuta ba ya nan, kuma da kwamfuta suke aiki. Ta ce akwai hanya. Mma za ta cika fom na gyara, inda za ta rubuta da hannunta cewa ta ba jami'i bayanin da ba gaskiya ba. Wannan zai shiga fayil ɗinta na haya ya zauna. Sannan kwamitin ƙorafi zai duba.

Na ce yaushe kwamitin zai zauna?

Ta duba ta ce watan Afrilu.

Na ce, "Madam, yanzu fa muna ƙarshen Oktoba. Sanyin yana tsakanin nan da can."

Ta ce ta fahimta ƙwarai da gaske. Na ce to Nata'ala zai bar wa Mma nasa tambarin, ya yarda tun kafin in tambaye shi. Ta ce tambarin na baranda ne, ba na mutum ba. Na ce a cire sunana a ko'ina, a rubuta laifin a fayil ɗina, ni na yi. Ta ce babu gurbin da za a rubuta wannan, amma in ina so akwai fom na bayyana yadda na ji da taron yau, da fuskoki biyar, daga mai dariya zuwa mai ɓacin rai. Ta miƙo mini biro.

Yanzu bari in raba laifi, tun da shi ne aikina a wannan fili. Mutanen da suka san suna da labari mai daɗi, me ya hana su sa shi a layin farko? Wa ke fara wasiƙar alheri da ƙidaya da rashin izini, ya kai alherin shafi na goma sha ɗaya ya binne? An ɗauko ƙwararru a kan ƙusa, an ɗauko a kan launin tambari, ba a ɗauko mutum ɗaya da zai ce musu akwai mutanen da in suka ga takarda da biro cikinsu ke ɗurar ruwa ba. Wannan kasonsu ne, kuma ba ƙarami ba ne. Amma shafi goma sha uku ni ne ban karanta ba, tabarau yana hancina. Na ji kunyar da ban ji irinta ba tun da na girma.

Bayan la'asar na sauka wajen Mma. Labari ya riga ni, a benenmu labari ba ya jiran lif. Na tarar ta kwance ɗaurin sallar, ta ɗauko bargon daga baranda ta baza a kan kujeru yana ɗiga. Abincin jami'i yana nan a tukunya ba a taɓa ba.

Na durƙusa na ce, "Mma, ki yafe ni."

Ta ce, "Tashi, gwiwarka ba na yaro ba ne." Ta zuba mini abincin ta ce sai na cinye. Ina ci tana kallona. Can ta ce, "Takarda da za ni rubuta na yi ƙarya, ba za ni rubuta ba. Na yi sau ɗaya da baki, ya isa. Amma ka gaya mini, kai da ka yi karatu. Wannan babu da na ce sau biyu, mala'ika a wajen wa ya rubuta, ni ko kai?"

Na ce a wajena ne, Mma.

Ta ce, "Ni ma haka na roƙa."

Na ce ta bar farantin a lulluɓe, wa zai sani? Ban ƙarasa ba ta ɗaga sandarta. Ta ce kuma kada wanda ya kira Sadiatu, tana da cikin wata takwas, in ta ji sai ta shigo mota.

Yau da safe ni da Nata'ala muka kwance shi. Ƙusa huɗu ne, ko minti goma bai kai ba. Muka jingine shi bayan kujerarta, fuskarsa na kallon bango. Sauran huɗun da suka bi shawarata su ma suna ta kwance nasu, babu wanda ya gaishe ni a matakala, kuma ban ga laifinsu ba.

Na hau sama na ɗauko doguwar wayar da muke jan wuta da ita in ana suna, na soka a soket ɗin falona, na zuro ta ta baranda, Nata'ala ya kama daga ƙasa ya shigar mata ta taga. Na sani, ba sai kun rubuto mini ba, wannan ya fi farantin haɗari sau goma, kuma babu kwamitin da ya taɓa zama a kansa. Na sauko na haɗa mata bargon lantarki na ce ta kunna, daga wajena wutar take, mitarta ko motsi ba za ta yi ba.

Ta bi wayar da ido har inda ta fita ta taga. Ta ce, "Can sama ba mita?"

Na ce akwai, amma tawa ce.

Ta ce, "Mita mita ne, ɗana. Kai ma kana da iyali." Ta sa ƙafa ta ture fulogin gefe. Na yi magiya, Zinatu ta sauko ta yi magiya, Nata'ala ya rantse zai raba da ni. Ta ce ta gode, Allah ya yi albarka, mu ja mata ƙofa iska na shigowa. Da zan fita na waiga, na ga ta jawo kwat ɗin marigayi mijinta ta ɗora a kan nata, ta zauna ta haɗe hannuwa.

Don haka ina miƙa gaisuwa ga Sarkin Soket da Galadiman Fulogi da duk masu yi musu hidima. Burinsu kada wutar lantarki ta ja kowa, kuma a flat na goma sha ɗaya sun ci nasara ɗari bisa ɗari, ina ba da shaida babu wayar da za ta yi zafi a ɗakin nan bana. Na sake bin shafi casa'in da shidan nan, wannan karon har ƙarshe, ina neman inda aka ambaci sanyi. Ban gani ba. Na buga waya na tambaya, aka ce sanyi ba ya ƙarƙashinsu, wani sashe ne daban, kuma mai kula da shi ya tafi hutu ƙasa mai rana.